Mai Bin Asalin Cuta

Yau kwana tara Larai tana jinyar ɗanta Jamilu a wani asibiti a Nassarawa, ciwon ƙafarsa ya ƙi jin kowace allura. Zama ya gagare ta, daga bakin gado sai bakin ƙofa.

Ga wata doguwar mata cikin farar riga, dunduniyar takalminta ta cinye saboda sintiri. Ba ta kallon fuskar kowa. Tsinke mai auduga take gogawa a kan famfo da ƙarfen gado, ta jefa a kwalba, ta rubuta lamba. Wannan, in ji Larai a ranta, ko tuwon gidanta sai ta tuhume shi.

"Baiwar Allah, marasa lafiya na kwance, ke famfo kike dubawa?"

"Mama, ƙwayar cutar da ta ƙi magani nake bi. Za mu binciki asalinta, mu ga ko ta gadon nan da ta wancan 'yan gida ɗaya ne."

"To, wa ke kai ta zumunci?"

Matar ta ciro sabon tsinke. Ta tsuguna, tana goga audugar a hannun butar Larai, wadda duk ɗakin ke ara.