Da Wace Ƙafa Ake Shiga Wannan Gidan Abinci?

Ina so in gyara kuskuren da ɗana Habibu ya yi a shafinsa jiya. Ya rubuta cewa na so in ƙi shiga gidan abincin 'yan Filifin da jikata Ruƙayya ta kai ni a unguwar Shisha da ke Makka. Ba haka ba ne. Tsayawa na yi a ƙofa ina nazari.

An ƙawata wurin ne kamar banɗaki. Kujerunsa irin mazaunin bayan gida na zamani ne, kwanukan ma haka. Ni kuwa tun ina yaro aka hore ni cewa da ƙafar hagu ake shiga banɗaki, ba a ambaton Allah a ciki, balle cin abinci.

A Makka aka haifi Ruƙayya, Hausarta kaɗan ce, hira takan yi mana wuya. Ba ta taɓa gayyata ta ko'ina ba sai ranar. Na ga fuskarta ta sauya.

Ta ce, "Ya jaddi, kakana, in ba ka so, yalla mu koma gida."

Na ce, "Amaryata, tambaya ɗaya ce. Da wace ƙafa ake shiga?"

Ta ƙyalƙyale da dariya, ta kama hannuna. "Da dama mana, tsoho! Mat'am ne, gidan abinci."

Na shiga da dama, na yi bisimilla a bayyane. Kazar da aka kawo mana ta ɗan cika tsami, amma na cinye. Har muka tashi Ruƙayya tana ba ni labari, kuma da Hausa.

Masu jikoki, da ku ne, da kun shiga?

Na haɗa da hoton kwanon, da na kujerar, da na Ruƙayya tana ƙara mini romo.