Ranar da muka kai Inna kan dutse

Ranar wata Asabar ce a hutun Agusta, shekarar da na cika tara, Baba ya tsayar da motar da ya aro a gindin beninmu na unguwar Minguettes yana danna oda, ni da ƙanwata Balki muka sauko hawa goma sha ɗaya da ƙafa, domin injin hawa ya sake lalacewa. Ni na ɗauko kular dambun zogale, Balki ta rungumo fulas ɗin shayi. Inna ce ta sauko a ƙarshe, tana hutawa a kowane hawa, dafe da bango.

Mu 'ya'yan garin Vénissieux ne a ƙasar Faransa, ba mu san wani yawon buɗe ido ba. Baba mutumin Damagaram ne, yana lodin kaya a wani babban sito, hutunsa kuwa barci ne. Namu hutun yana ƙarewa a filin siminti na tsakanin benaye, muna zana gidajen 'yar gala-gala da allin da muka tsinto a lekol, wato makaranta, har Inna ta leƙo ta taga ta kira ni in zo in tsince shinkafa ko in shanya wanki. Idan an koma aji, 'yan'uwanmu ɗalibai su yi ta labarin teku da duwatsu, ni kuwa in sunkuyar da kai. Shi ya sa da Baba ya ce za mu je garin da ke gindin dutsen Mont Blanc, ban tambayi dalili ba. Ban kuma haɗa tafiyar da yawan zuwan Inna asibiti wurin lokotoro ba, ko da yadda zobenta ya fara zamewa daga yatsa.

Garin cike yake da baƙi masu manyan takalma da sanduna, mu kuwa ga mu da atamfa da rigunan sanyi na aro. Ana kallonmu, Inna ba ta kula ba. Muka shiga wani akwatin gilashi da ke tafiya a kan waya, ya yi sama da mu, gidaje suka koma kamar kwalayen ashana. Balki tana ihu, Baba yana salati ƙasa-ƙasa, Inna tana dariya, dariyar da na daɗe ban ji ba.

Da muka isa sama, hazo ya rufe komai. Ba dutse, ba ƙanƙara, sai fari fat ta ko'ina da sanyi mai shiga ƙashi. Na fashe da kuka saboda ba abin da zan faɗa a lekol. Inna ta zauna a benci tana jan numfashi da ƙyar, ta buɗe dambun ta zuba mana, ita ba ta ci ba. Sun ɗauka hankalina yana kan abinci, na ji ta ce wa Baba:

"Malam, na gode, na gani. Amma don Allah ka mayar da ni gida tun ina iya zama a jirgi. Kada a rufe ni a ƙasar sanyi."

Baba ya ce, "Maman Balki, yaran fa?"

"Lekol ɗinsu tana nan. Ka riƙe su."

Na ci gaba da tauna, don ban san abin da zan yi da bakina ba. Har muka sauko ban ce na ji ba, ita ma ba ta tambaye ni abin da ya hana ni magana a hanya ba.

Wata biyu bayan nan muka raka ta filin jirgi, aka ce mana za ta je ganin kaka. Kafin ƙarshen shekara aka yi waya, Inna ta rasu. Baba ya tafi shi kaɗai, aka bar mu wurin maƙwabta.

Yanzu ina Paris, kusa da unguwar Château Rouge, ina da aiki da 'ya'ya biyu da suke amsa mini Hausa da Faransanci. Lekol takan kai su duwatsu duk shekara, in sa hannu a takarda, su dawo da hotuna masu haske, in yaba. Damagaram sau ɗaya na je, kawuna ya kai ni bakin maƙabarta, ya duba gabas ya duba yamma, ya ce ruwan damina ya shafe alamun. Bana na girmi Inna da shekara biyu, kuma har yau ban san inda take kwance ba.