Ƙaho huɗu a bayana

Shekarar da na haifi 'yata ta fari muna haya a Abakpa. Maigidana direba ne a ma'aikata, in suka tafi rangadi sai ya yi sati biyu. Matan gidan duk ma'aikata ne, kafin hantsi sun kulle ƙofofinsu sun fice. Daga ni sai jaririya sai famfon tsakar gida mai ɗiga. Gwaggota ce ta zo ta yi min wankan jego, ana yin arba'in ta koma ƙauye.

Tana tafiya bayana ya riƙe. In na sunkuya zan goya yarinya sai in ji kamar an soka min ƙusa a ƙugu. A asibiti suka ba ni ƙwayoyi, suka ce in riƙa zuwa gashi. Wa zan bar wa yarinyar? Kullum gabana faɗuwa yake, kar wata rana ta suɓuce min.

Mai tallan kuka ce ta ce akwai wata tsohuwa a Unguwar Sarki, matar wanzami, tana yi wa mata ƙaho. Ta turo min ita ran sha bakwai ga wata, ta ce kar in ci komai.

Tsohuwar ta zo da zabirar mijinta a hammata.

"To 'yar nan, wa zai riƙe miki jaririyar?"

"Ba kowa, Inna."

Ta dubi ƙofofin nan a kulle. Sai ta ja zanena ta goya yarinyar da kanta.

Na zauna a kujera 'yar tsugunne na sunkuya. Ta kafa ƙaho huɗu, tana zuƙa tana toshe bakin da kaki. Ta cire, ta tsaga da aska, ta mayar. Bakinta bai huta ba: gwiwarta, jikokinta, mijinta da haƙoransa suka zube amma bai daina neman goro ba. Na yi dariya har ƙaho ɗaya ya faɗi.

"Kai, zauna min! Ke da aka ce ba ki da lafiya?"

Ta nuna min jinin, baƙi, ya daskare kamar hanta. Bayan kwana huɗu na goya 'yata har kasuwa.

Da wata ya zagayo na sake aika mata, na ce ciwon ya dawo. Ƙarya nake. Ta zo, ta danna bayana.

"Nan ne?"

"E, Inna."

"Wancan karon ba nan ba ne."

Ta mayar da ƙahonta cikin zabira.

"Ni ba na tsaga lafiyayyar fata, 'yar nan."

Kunya ta rufe ni, na kasa ɗaga kai. Can ta ce, "Me za ki ɗora yau?" Na ce wake. Ta jawo faifan gabanta. Muka tsince shi tare, ta ba ni sauran labarin gwiwarta, ta yi azahar a ɗakina.

Na raka ta ƙofar gida da goyona, na tsaya har ta sha kwana. Ban sake samun ƙarfin halin aika mata ba. Na koma ciki, famfo yana ta ɗiga, na sa bokiti a ƙarƙashinsa.