Tantin Gangar Don Rosamel

Mijin yayata, Don Rosamel Chiguay (Don kamar Malam ne a wurinmu), bai taɓa sayen laima ba. A tsibirinmu na Apiao wannan ba abin faɗa ba ne, don ruwan sama ya riga kowa zama a nan, kuma ba mai yi masa gardama. Abin faɗar shi ne, mutumin da ruwa ya daka tun yana rarrafe har ya yi furfura bai ce uffan ba, shi ne ya tashi da tsufansa ya ce sai ya sayi tantin da ba ya yoyo. Kuma ba don kansa ba, ba don yayata Orfelina ba. Don gangarsa ne.

Rosamel manomin dankali ne kamar kowa, yana da 'yan tumaki da wani kwale-kwale da kullum sai an kwalfe shi. A noma ba a taɓa yaba masa ba, a kamun kifi kuwa kifaye sun raina shi. Abu ɗaya yake da shi. Idan mutanen tsibirinmu suka haye zuwa tsibirin Caguach bikin coci a ƙarshen Agusta, ana zagayawa da siffofin waliyyai, shi ke shiga gaban makaɗanmu da babbar ganga. Gadon mahaifinsa ce, fatar maraƙi ce a kanta, kuma a gidansu ita ke zama kan kujera mai laushi. Baƙo kututture ake ba shi. Ni kaina na sha zama a kan kututturen nan ina hararar ganga.

Fata da danshi ba sa ga maciji. Da can yakan ɗumama ta a bakin wuta kafin a fara zagaye, amma da ta tsufa sai ta soma tsagewa a gefe, wuta ta haramta gare ta. Bara suka kwana da ita ƙarƙashin tamfol kamar kullum. Da safe ya ɗaga sanda a gaban jama'ar tsibirai biyar, ya daka, sai gangar ta yi ƙarar buhun jiƙaƙƙen dankali da aka yar. Mutanen tsibirin Alao suka yi dariya har da riƙe ciki. Da aka dawo gida, dattawan coci suka gaya masa ba ɓoye-ɓoye: idan bana ta sake yin haka, Nibaldo zai shige gaba. Nibaldo ma'aikacin gonar kifi ne, mutumin kirki, yana da sabuwar ganga mai fuskar roba wadda ko a teku aka tsoma ta ba ruwanta.

Shi ya sa muka shiga jirgi zuwa garin Achao neman tanti, ni da shi da Orfelina da gangar, an naɗe ta da barguna biyu. Ni takalmin roba na je saya, ban san aiki zan sha ba.

Mai kantin tantunan mace ce mai haƙuri. Ta tarye mu da fara'a.

"Mutum nawa ne za su kwana a ciki, Baba?"

"Ba mutum."

"Au, na ajiye kaya ne?"

"Ki iya bakinki, 'yata, tana jinki," in ji shi, yana shafa bargon.

Matar ta dube ni, na kau da kai. Sai ta shiga yi masa bayani: a nemi mai rufi biyu, wanda aka liƙe ɗinkinsa ta ciki, wanda ƙasansa ya taso ta gefe kamar kwano, rufin waje kuma ya sauko har ƙasa. Rosamel ya saurara sarai, ya ce ya ji, amma baki ba ya tare ruwa. Ya sa ta kafa uku a bayan kanti, cikin yayyafi. Ya zaro faranti uku daga jakarsa, ya zuba wa kowanne gishiri, ya ajiye a cikin tantunan ya ja zif. Duk wanda gishirinsa ya dunƙule, in ji shi, ya faɗi jarrabawa. Sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana manna baki a jikin yadi yana tsotsa, wai ya ji ko iska na ratsawa. Masu wucewa suka fara tsayawa.

"Ruwan Caguach ba daga sama yake zuwa ba, daga gefe yake zuwa," ya ce. "Zunilda, ɗauki bokitin can. Ki watsa da ƙarfi, yadda kike watsa wa mutane magana."

Na watsa. Rabi ya sami tanti, rabi ya same shi, kuma ba kuskure na yi ba.

Orfelina tuni ta shige babban koren tantin, wanda mutum ke iya miƙewa tsaye a ciki. Tana shafa bangonsa, tana nuna inda za ta ajiye tukunya. Tun aurensu take kwana ƙarƙashin tamfol a Caguach, kuma na ga a fuskarta ta ɗauka bana ta huta.

To, a nan ne mai kanti ta yi maganar da ta jawo mana duk abin da ya biyo baya. Ta ce, "Abu ɗaya, Baba. Komai kyan tanti, idan mutum ya kwana ciki ya toshe ko'ina, numfashinsa zai taru a rufi ya riƙa ɗigowa. Sai a bar 'yar tagar nan a buɗe."

Rosamel ya ji farkon maganar, ya bar mata ƙarshen. Sai ya ce, "Wato mutum ma yoyo yake yi."

Ya juya ya nuna ɗan ƙaramin rawaya, wanda ko ni sai na naɗe ƙafa.

"To, ni fa, tsoho?" in ji Orfelina daga bakin koren.

"Ke ai kin saba, tsohuwa."

Ta fito ta gyara ɗankwalinta. Ni ce na ji haushin a madadinta, kuma na faɗa masa har muka iso gida, ban rage ko ɗaya ba.

Ranar da muka sauka Caguach, tun la'asar aka tsuge da ruwa, ga iska daga teku. Rosamel ya kafa tantinsa can gefe, nesa da numfashin jama'a. Ya shimfiɗa buzun tunkiya, ya ajiye farantin gishiri a ciki, ya ja dogon numfashi ya riƙe, ya cusa gangar, ya ja zif, sannan ya ja da baya ya saki numfashin. Ƙasar wurin ta jiƙe ta yi laushi, turken ɓangaren iska ya ƙi zama. Sai ya sami dutse ya zauna, ya naɗe igiyar a hannunsa na dama, ya zama shi ne turken.

Mutane suka riƙa zuwa kallo. Wata tsohuwa 'yar tsibirin Tac ta ɗauka wani waliyyi aka ajiye a ciki, har ta durƙusa a bakin tantin. Nibaldo ya kawo masa shayin ganyen mate mai zafi.

"Don Rosa, ku zo cikin jirgi ku kwana, akwai wuri. Ni zan ɗaure igiyar a dutse."

"Je ka kwana da robarka. Dutse ya san lokacin da iska za ta juya?"

Orfelina ta kai masa wainar dankali, ta roƙe shi, ta zage shi, ta sake roƙo. Daga ƙarshe ta yafa masa mayafinta na ulu, ta dawo ƙarƙashin tamfol inda muke a matse kamar kifin gwangwani.

Gari ya waye ruwa ya tsagaita. Aka taru aka buɗe zif. Gishirin farantin garau, buzun a bushe. Wani dattijo ya ƙwanƙwasa fatar da ɗan yatsa, ta amsa da wata murya da sai da tsikar jikina ta tashi. Rosamel ya yi murmushi, leɓensa duk ya yi shuɗi. Ya tashi zai karɓi sanda, sai hannun ya ƙi buɗewa. Yatsun sun ƙame yadda suka riƙe igiya, kafaɗar ta sandare, jikinsa kuma zafi rau. Aka kai hannun bakin wuta aka gasa, aka murza da man tunkiya. Aka cusa masa sandar tsakanin yatsu aka ɗaure da ƙyalle. Ya yunƙura ya ɗaga, hannun bai wuce ƙugunsa ba.

Ƙararrawar coci ta fara kaɗawa. Makaɗan sauran tsibirai sun jeru. Dattawanmu suna kallon ƙasa, Nibaldo na tsaye can baya da gangarsa, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Kai, Nibaldo," in ji Rosamel. "Ajiye wannan kwanon wankin. Zo ka ɗauki ganga."

"Don Rosa, ni ban isa ba."

"Na san ba ka isa ba. Ka daki tsakiya, ka bar gefen da ya tsage. Kuma kada ka yi mata huci a fuska."

Da hannun hagu ya rataya masa ita. Bai bi su da kallo ba. Muka cusa shi cikin ɗan tantin, ƙafafunsa a waje don tsawon bai kai ba, Orfelina ta zauna a bakin ƙofa ta ɗora kansa a cinyarta. Kowa ya san hannun nan ko ya warke, wanda ya shiga gaba ya shiga ke nan. Shi ma ya sani.

Can sai kiɗa ya tashi daga ƙofar coci, ya ratso filin. Makaɗan tsibirai biyar ne, amma murya ɗaya ce ke ƙarƙashin duka, mai zurfi, tana tafiya har bakin teku ta dawo. Rosamel ya buɗe ido.

"Gangar su wa ce wannan?"

"Taka ce, tsoho."

Ya ɗaga kai yana saurare. Duk rayuwarsa a manne da cikinsa yake jin ta. Na ga hawaye na gangarowa cikin kunnensa, ni da na zo da sauran faɗa a bakina sai tausayinsa ya kama ni, na haɗiye.

"Ashe haka take daga nesa," ya ce. "Ba wanda ya taɓa gaya mini."