Azurfar da Ta Tsallaka Maraɗi

Mahaifina maƙerin fari ne. Bai taɓa ƙera fartanya ko lauje ba, azurfa yake narkawa ya yi zobe da munduwa da 'yan kunne. Rumfarsa tana gefen kasuwar Jibiya, dab da inda manyan motoci ke tsayawa kafin su nufi Magama su tsallaka Maraɗi. Ni koyarwa nake yi a makarantar sakandare, amma da an tashi can nake zarcewa, in zauna in duba masa sikeli, don a shekarun nan idonsa ya yi rauni.

Akwai wanda ba ya fashin zuwa rumfar bayan la'asar, wato kawuna, ƙanen mahaifiyata. Da canji ya fara, yana zama ƙarƙashin dalbejiya da jaka biyu, ɗaya ta naira ɗaya ta sefa. Daga baya ya buɗe shagon hatsi, ya sayi manyan motoci, ya je Makka fiye da sau ɗaya. Duk da haka bai daina zuwa ya zauna kan tabarmar Baba ba, don yana son musu, shi kuma Baba ba ya gajiya da shi. Musun nasu guda ne kullum: azurfa da zinariya, wanne ne kuɗin gaske.

Baba yakan ce azurfa ce kuɗin talaka. Kakanninmu da ita suka sayi shanu, da ita suka je hajji a ƙasa. Mace tana iya ɗaura ta a wuya shekara da shekaru, ranar da ta matsu ta ɓalle guda ɗaya ta sayi abinci. Zinariya kuwa, in ji shi, ba ta zama hannun mai ƙaramin ƙarfi, da an haƙo ta sai ta hau jirgi.

Kawu sai ya yi dariya ya ce, "Malam, kai dai kana nan inda aka bar ka. Wace ƙasa ce yau take ajiye azurfa a taskarta? Zinariya duniya ta sani. Azurfa ta tsofaffin mata ce."

Abu ɗaya kawai suka yarda a kai, cewa naira ta lalace. A nan ne Kawu yake baje iliminsa na rediyo. Ya ce abin da muke saye daga waje ya fi abin da muke sayarwa, shi ya sa. Ya ce shugabanni sun ciwo bashi da dala, "ba dalar Maraɗi mai tamma biyar ba, ta Amurka," kuma jikokinmu ne za su biya. Ya ce Turawa ba su da imani, sai sun ga ka faɗi suke zuwa da takardar sa hannu. In yana wannan bayani har masu babur kan kashe inji su saurara. Ni kaina, da nake koyar da irin wannan darasi a aji, na sha jinjina masa a zuciyata.

A shekarar da sefa ta yi wa naira nisan da ba mu taɓa gani ba, gero ya soma guduwa. Mutanen Maraɗi kan zo da 'yan jikkunansu na sefa, su canza, su cika mota. Wanda ya noma geron a ƙauyen Riko kuwa ya zo da nairarsa ya tsaya yana kallon tiya, ta fi ƙarfinsa. Da idona nake ganin motoci suna wucewa ta gaban rumfar Baba, an lulluɓe su da tamfol, sun yi nauyi har suna tangaɗi. Wasu daga ciki na Kawu ne, kowa ya sani.

Wata Lahadi, ranar kasuwa, ina rumfar tun hantsi, Kawu ma ya zo da wuri. Sai ga wata Bafulatana daga wajen Bugaje, ba yarinya ba ce, za ta yi shekara arba'in. Ta durƙusa ta gaida Baba. Ya gane muryarta kafin ya gane fuskarta, don shi ya ƙera wa mahaifiyarta mundaye. Ya tambayi mutanen ruga. Ta ce babu sauran ruga, an kore shanun tun kafin damina, yanzu suna raɓe a gidan wani a bakin gari, ita da 'ya'yanta da surukarta. Ta faɗi haka ba kuka ba komai, kamar tana ba da labarin wasu.

Sannan ta kwance bakin zanenta ta fito da wani tsumma. A ciki akwai liyari, tsofaffin kuɗin azurfa manya masu hoton wata mata, an huda su an zura a igiyar fata. Sun yi duhu da gumin wuya. Ta ce na kakarta ne.

"Baba, so nike ka saya. Gero za ni auna."

Baba ya karɓa ya juya su a tafin hannunsa. Ya ce, "Ɗiyata, wanga kaya ya fi ƙarfina. Ko rumfar nan na sayar ba ni iya biyan ki."

Kawu ya miƙo hannu. Ya ɗaga ɗaya sama ya kalla da ido ɗaya, ya taɓe baki. Ya ce irin waɗannan sun cika gari, yawanci an gauraya su da dalma, wasu ma a Kano ake buga su. Ya juya wajen Baba ya ce, "Ko ba haka ba, Malam?"

Baba ya zare guda ɗaya daga igiyar ya sake ta a kan uwar maƙera. Ta yi ƙara siririya mai tsawo, irin wadda dalma ba ta yi. Ya sake gwada wata, ya sake wata, har ya gama da su duka. Ya ce, "Alhaji, azurfa ce. Babu algus ko a guda."

Na ɗauka Kawu zai ji kunya. Ko kaɗan. Ya ce to, ya ji, amma wa yake neman azurfa yanzu? Ya ce shi don taimako zai saya, don ya ga tana cikin hali, in ba haka ba mi zai yi da ita? Ya ce in auna. Na ɗora a sikeli na faɗi nauyin daidai. Ya faɗi kuɗin da zai biya. Baba ya ɗago kai da sauri ya ce, "Haba Alhaji, ko rabi ba ka kai ba."

"To ka saya mana, Malam," in ji Kawu.

Baba ya ce mata ta yi haƙuri ta jira wata Lahadin, akwai Buzayen da kan zo, za su fi biya. Ta ce tun jiya da rana ba a ɗora tukunya ba. Ta miƙa hannu. Kawu ya zaro sababbin takardun naira ya ba ta, ya zuba liyarin a aljihun gaba na rigarsa, kusa da carbinsa. Da za ta tashi sai ya ce, "In gero kike so, ki je shagona, ki ce ni na turo ki. Za a cika miki tiya."

Shagon ba nisa, daga rumfar ana hango shi. Ina kallo ta shiga, ina kallo ta fito da ƙullin da mace ɗaya ta ɗauka a ka ba tare da an taya ta ba. Kafin a kira azahar takardun nan sun koma inda suka fito. Azurfa tana aljihun Kawu, naira tana shagon Kawu, ita kuma ta tafi da abincin da ba zai kai su wata ba. Ban ce uffan ba. Kawuna ne, kuma ni aka haifa jiya.

Abin da ya fi damuna har yau shi ne abin da ya biyo baya. Bayan kwana uku Kawu ya ce zai shiga Maraɗi, in ina so in raka shi. Ina da buƙatar sayo wa Baba maganin ido da aka ce ana samu a can, sai na bi shi. A hanya, duk shingen da muka tarar, hannu kawai yake miƙawa ta taga, a ɗaga sanda. A bayan babbar kasuwa ya shiga da ni shagon wani dattijon Buzu mai sayen tsofaffin kayan ado. Kawu ya zazzage liyarin a kan tebur. Mutumin da ya ce wa Bafulatana kayanta dalma ne, shi ne yanzu yake rantsuwa da Allah cewa babu irinsu ko a Agadas, gadon sarauta ne, surukinsa babban maƙeri ya gwada su ɗaya bayan ɗaya. Har ya nuna ni ya ce, "Ga ɗansa nan, shi ya auna." Buzun ya dube ni. Na ɗaga kai alamar haka ne.

Aka biya shi da sefa. Ban san lissafin canji kamar shi ba, amma na san abin da ya karɓa ya ninka abin da ya bayar sau da yawa. Daga nan muka zarce wani lungu inda masu dawowa daga wajen haƙar zinariya suke sayar da garinta a 'yan kwalabe. Ya saya, ya ɗaure a leda ya cusa cikin hularsa. A mota ya ce mini, "Ka gani? Azurfa tsani ce kawai. Ka gaya wa babanka."

Kafin mu baro garin ya tsaya ya saya mini shadda yadi biyar. Na karɓa. Na ma yi godiya.

Juma'ar da ta biyo aka yi walimar saukar Alƙur'ani a unguwarmu, aka ba Kawu lasifika ya yi wa matasa nasiha. Ya yi magana mai daɗi ƙwarai. Ya ce manyan ƙasashe sun mayar da mu saniyar tatsa: su sayi albarkatunmu da arha, su sayar mana da nasu da tsada, kuɗin da suka ba mu da hannun dama su karɓe da na hagu. Ya ce duk wanda ya ci gumin mai rauni zai haɗu da Allah. Mutane suna ta kabbara. Wani dattijo kusa da ni ya share hawaye. Ni kuwa na ture shinkafar da ke gabana, na tashi na fita.

Da na gaya wa Baba abin da na gani a Maraɗi, bai yi mamaki ba. Tambaya ɗaya ya yi mini: "Da ya ce kai ka auna, mi ka ce?" Na faɗa masa gaskiya. Ya kawar da kai ya ci gaba da goge wani zobe. Da ya zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Washegari Kawu ya zo bayan la'asar kamar kullum. Baba ya naɗe tabarmar ya jingine ta da bango, ya ce yau babu wurin zama. Kawu ya tsaya jim, ya yi dariya, ya ce Malam ya tsufa. Bai sake zuwa ba. Na yi ta neman matar a kasuwa Lahadi bayan Lahadi, ban san me zan ce mata ba in na gan ta, kuma ban gan ta ba. Wani ya ce sun yi gaba wajen Katsina. Shaddar kuwa na ba wani abokin aikina da zai yi suna, ban gaya masa dalili ba.

Babu abin da ya sami Kawu. Ko lokacin da aka rufe iyaka, motocinsa suka tsaya, babura suka ci gaba da bi ta daji, ya ma fi samu. Ya yi sabon gida mai bene. Ana sa shi a sahun gaba a masallaci.

Kasuwar Baba kuwa ta mutu murus, don masu kawo azurfa sayarwa suke yi, babu mai sa a ƙera. Albashina ba ya kai mu ƙarshen wata. Da azumi ya kama, Kawu ya aiko wa Inna, 'yar'uwarsa, da buhun gero. Baba ya ce kada a shigo da shi gidansa. Inna ta sa aka kai gidan maƙwabta, kullum sai ta aika a ɗebo mata kaɗan a kwano a surfa a can. Na sani, matata ta sani, ina zaton Baba ma ya sani. Da shi aka dama kunun da muka yi ta buɗe baki da shi har aka ga watan salla, kuma babu wanda ya tambayi inda ya fito.