Malam Tasi'u, Abokin Tafiyata Asibiti

Na Allah ne mu, kuma wurinsa muka nufa. Ranar Laraba, 9 ga Oktoba, 2024, bayan azahar, ɗanka Abdulhadi ya same ni a gona ina yankan gero, ya ce, "Baba Kamilu, abokinka ya cika."

Malam Tasi'u, ciwon suga ne ya mai da maƙwabtakarmu abota. Duk wata tare muke tsayawa a bakin titin Bagwai, mu shiga mota zuwa Bici awo. A can ne wata ma'aikaciyar jinya, Malama Tahira, ta ce mu matsa wani ƙarfe da hannu, mu tashi daga kujera ba dafawa, ta kuma auna kaurin sha-raɓarmu. Ta haɗa da shekarunmu da daɗewar ciwon, sannan ta dube ka.

"Baba, suga yana cin tsoka da ƙashi a ɓoye. Kai na fi ji wa tsoron faɗuwa."

Ka yi dariya, domin ka fi ni jiki nesa ba kusa ba. Amma da muka sauka daga mota sai ka ce, "Malam Kamilu, gaskiya ta faɗa. Tun bara buhun taki yake gagarata."

Wani zai ɓoye wannan magana, kai kuwa ka kai ta ƙofar masallaci. Duk mai suga da ka gaisa da shi sai ka ce ya matsa hannunka, in ka ji sanyi-sanyi ka tura shi awo. Ka tara mu dattawa muna zaga gonaki da ƙafa bayan la'asar, yara suna yi mana dariya. Da matata ta rasu na daina kula da ci, kai ne kake aiko mini da wake da nono daga gidanka, ka zo ka zauna sai na cinye.

Abin da aka hango bai fasa zuwa ba. Da damina santsi ya kwashe ka a bakin rijiya, faɗuwar da yaro zai tashi ya kakkaɓe riga, ƙashin ƙugunka ya karye. Ka kwanta, ƙashin ya ƙi haɗewa, jikin ya yi ta zubewa. Ban ji ka yi ƙorafi ba. Tambayarka kullum, su wane ne suka fito zagaye yau.

Ban gaya maka sun watse ba. Ni kaɗai nake zagawa yanzu, in na gaji babu wanda zan ce wa mu huta.

Ina miƙa ta'aziyya ga maiɗakinka Hajiya Furera, wadda ta yi jinyarka ba gajiya, da Abdulhadi da Ramlat da sauran dangi. Allah ya ba su haƙuri. Allah ya jiƙan ka, ya sa jinyarka ta zama kaffara, ya haskaka kabarinka. Ranar tsallake siraɗi, Allah ya tashe ka da ƙafafu masu ƙarfi. Amin.