Farin Furen Gonar Malam Isa

Ku sababbin malaman gona, akwai ranar da har gobe ban manta da ita ba, a Ruwan Gizo, ina ƙaramin ma'aikaci mai zagayen gonakin rani na Bakolori.

Malam Isa manomin irin albasa ne, iri yake sayarwa, da shi yake ci da gidansa. Ga wanda bai sani ba, albasar iri sai ta yi fure, ƙudan zuma ya bi kai-kai, sannan ƙwaya ta cika. In babu zuma, ƙaiƙayi za ka girbe. Ni na kawo masa irin wani gajeren fure fari, tsawonsa bai wuce taƙi ba, mai ƙanshi kamar zuma. Da sanyi ake shuka shi, zafi na shigowa ya mutu. Muka zagaye fangalinsa da shi don ya jawo zuma kafin albasa ta buɗe. Ya kuwa jawo. Har shugabanmu na kai ya gani, ina ta hura hanci.

Maƙwabcinsa Ɗanjuma mahauci ne, yana ɗaure bijimin kiwo a gindin bedi, wato dogon yaro, dab da iyaka. Wata safiya zuma ta harbi san, ya tsinke igiya, ya make Ɗanjuma da ƙasa, hannu ya karye.

Ina isa na tarar da ƙannen Ɗanjuma biyu a bakin gonar Malam Isa, ɗaya ya goya tankin feshi cike da maganin ƙwari. Ko gaisuwa ba su amsa ba. Albasa kuwa ta buɗe fes, zuma na ta kai-kawo. In aka fesa, zuma ta mutu, iri ya tafi.

Na sha gabansu na ce, "Wallahi wanda ya fesa wannan gona sai na kai shi gaban hukuma. Noman shekara guda ne."

Babban ya ce, "Mu hannun yayanmu muka sani. Gobe kuma wa za ta harba?"

Na roƙa su bari albasa ta gama fure, a matsar da san. Suka ƙi. Mutane sun fara taruwa, ƙaramin sai taɓa ƙugu yake, ni kuwa na san abin da mahauci ke sokewa a nan.

Malam Isa na wurin tun farko. Sai ya matso ya ce wa mai tankin, "Sauke, ba ni." Na ɗauka ƙwacewa zai yi. Ya goya, ya kama famfo.

Na riƙe hannunsa. "Baba, ka san mi za ka yi kuwa?"

Ya ce, "Na sani, kai ka koya min. Malam, kai gobe ana iya maishe ka Bakura ko Maradun. Ni da Ɗanjuma maƙabartarmu guda."

Ya feshe gonarsa layi-layi, ya tuge farin furen da hannunsa. Na tsaya kamar in fashe don haushi. Irin shekarar bai ko cika kwano ba, sai da ya sayi na wasu ya shuka.

Har yau ina nan kan bakana, furen nan ba shi da laifi, ku shuka shi. Amma mu aikinmu iyakarsa gona, su kuwa zama suke yi. In na je sabon wuri yanzu, kafin in duba ƙasa sai na tambayi wa ke maƙwabtaka, da abin da ya ɗaure a bakin iyaka.